Kwalayen Malama Nkechi

A shekarun da soja suka koma bariki, idan ka shiga Kasuwar Singa ka tsaya gaban shago ka ce Malama Nkechi ce ta aiko ka, ba mai tambayarka me ta ce. Mai shagon zai juya ya ce a zazzage kwalin madara ko na sabulu a ba ka fankon. Rabin masu shagunan layin ta taɓa share musu majina, sauran rabin kuma 'ya'yansu na hannunta. Za ka ga Alhaji da tumbinsa da motarsa, amma da ya hango ta tafe da lemarta sai ya gyara zaman hula yana "Malama, barka da zuwa," kamar wanda bai yi aikin gida ba.

A Sabon Gari aka haife ta. Ubanta ma'aikacin reluwe ne, mai gyaran birkin taragu a tashar jirgin ƙasa, mutumin Gabas da ya zo Kano da niyyar yin shekara biyu. Tana da shekara goma sha uku rikici ya tashe su, suka shiga jirgin da uban ya saba kwanciya ƙarƙashinsa, suka tafi garin da aka ce musu shi ne nasu. Can yara suka riƙa yi mata dariya wai harshenta ya karye. Yaƙi na ƙarewa suka tattaro suka dawo. Ba ta son a tayar da zancen shekarun nan. In an matsa mata sai ta ce, "Mun je, mun dawo," ta kama wata hirar.

Ta yi kwalejin horon malamai, ta fito da takardar da kowa ke ce wa Giret Tu, daidai shekarar da aka ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta. Aka tura ta wata firamare a Fagge, bayan layin masu atamfa, aka ba ta aji ɗaya saboda ita ce sabuwa. Aji ɗaya kuwa ba mai so. Yara ne da ba su san bambancin aji da tsakar gidansu ba, wannan ya yi fitsari, wancan na kukan Inna, wani ya samu alli ya cinye. Malami kan yi shekara guda ya je ya durƙusa a canja shi. Ita ta yi ashirin da shida, ba ta ma da niyyar tashi. Hedimastoci biyu sun yi gigin ɗaga ta zuwa aji shida da sunan girmamawa, dukkansu sun ji abin da ba su shirya ji ba, suka bar ta inda take.

Rashi ne ya haɗa ta da kwali. Shekararta ta farko yara ɗari da goma aka tara mata, da littafin karatu tara, uku ma ba bango. Ta yi wata biyu tana rubuta haruffa a allo yara na rerawa daga farko har ƙarshe, amma da ta nuna ɗaya a tsakiya ta ce "Wannan fa?" sai a yi mata zuru. Wata rana tana ratsa Singa za ta gida, ta ga an jibge kwalayen sukari da rubutu ɓaro-ɓaro a jikinsu, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ta roƙi biyu, ta je gida ta sa reza ta yanke haruffan ɗaya-ɗaya. Namu masu lanƙwasa, da ba a samun su a jikin kwali, ta ɗauki tawada ta yi musu ƙugiya da kanta.

Daga nan aka samu abin da duk Fagge ta sani da kasuwar Malama. Ana ture bencina gefe. Yara goma su zauna bayan kwalaye, su ne masu shago, kowa da haruffan da ke hannunsa. Sauran ta riƙa aikensu: kai, sayo min masa, ke, sayo min rake. Wanda aka aika masa dole ya bi shago-shago ya nemo haruffan da ke cikinta, ya zo ya jera su a ƙasa gabanta. Ba kuɗi a cinikin, baki ne kawai, 'ya'yan Fagge kuwa tun suna goye suke jin yadda ake ciniki. Za ka ji ɗan shekara shida ya ɗaga hanci yana cewa, "Wallahi yanzun nan ta ƙare, sai dai ka duba gaba." Wanda ya jero ba daidai ba, ta dube shi ta ce, "Ni wannan na aike ka? Koma." Hayaniyar har layin masu atamfa ake jinta. Ita kuwa tana zaune a ƙasa, ta tuɓe takalmi, ta miƙe ƙafa. Kafin shekara ta fita yawancinsu sun fara karanta allunan shaguna a hanya suna damun iyayensu.

Da farar hula suka karɓi mulki sai yayin bita ya shigo. Zamanin soja oda ake bayarwa, ka yi ko a yi da kai. Yanzu kuwa sai a tara malamai ɗari biyu a ɗaki, a kawo wani mai kwat da na'urar haska bango, a jira wuta har azahar ba ta zo ba, a raba lemo da burodi, a tashi. Malama Nkechi ta je uku. A ta ukun wani yaro sa'an 'yarta ya kwashe awa biyu yana koya musu yadda ake riƙe alli, ta ɗaga hannu ta tambaye shi yaya ake yi in yaro ya haɗiye shi. Ba a ƙara sa sunanta ba, ita ma ba ta yi kewa ba.

Abin da bai tsaya kan lemo da burodi ba shi ne takardar da ta zo daga sama. Hedimasta Malam Halilu, ɗan gidan alƙalai, mutum mai sanyin magana wanda ya tarar da ita a makarantar yana saurayi, shi ya kira ta ofis. Sai da ya sa aka kawo mata kujera, ya tambayi maigida da yara har sau biyu, sannan ya karanta. Duk malamin da ba shi da babbar takardar malanta ta NCE, in wa'adi ya cika, ba zai ƙara riƙe aji ba. Za a nema masa wani abin yi, ko rajista, ko ɗakin ajiya, ko ya tafi gida ya huta.

Ta san ɗakin ajiyarsu. Karyayyun bencina ne a ciki, da gangar fareti da ta fashe, da ɓeraye.

"Wato, Hedimasta, alli ya daina rubutu a hannuna ke nan?"

"Ba ni na rubuta ba, Malama. Karantawa kawai na yi."

Ta fito tana faɗa, ta faɗa wa bishiyar darbejiya, ta faɗa wa mai gadi. Amma da ta shiga aji ta rufe ƙofa sai faɗan ya ƙare. Tsoro ta ji, tsoro na gaske. Ba albashi take tunani ba, ba matsayi ba. Ita dai ba ta san me za ta yi da ƙarfe takwas na safe ba in ba ta da yara tamanin a gabanta.

Haka ta shiga kwas ɗin da aka buɗe wa tsofaffin malamai, ranar Asabar da lokacin hutu. Mace mai jikoki ta koma zama kan benci. Aka koya mata labarin wani Bature da ya ƙarar da rayuwarsa yana auna yawun kare, da wani da ya kulle ɓera a akwati, wai duk don a gane yadda yaro ke koyo. Ta ce in ɓera ake nema su zo ɗakin ajiyarsu. Amma ta haddace. Mijinta Boniface, kafinta ne a Sabon Gari, shi ke riƙe mata takarda da yamma a ƙofar shago yana tambayarta, fensir a kunne.

"Mama Ogechi, kin tsallake na uku."

"Na ukun ƙarya ne, Papa Ogechi."

"Ƙarya ne ko gaskiya, shi za a tambaye ki."

Da ƙyar da jiɓin goshi ta riƙa haye jarrabawa har shekara ta uku, sannan aka zo kan koyarwar gwaji. Za a turo mai dubawa ya zauna a bayan aji ya ga ko matar da ta shekara ashirin da shida a gaban allo ta iya tsayuwa a gaban allo. Maki arba'in ne ci. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, ita kuwa in ta maimaita wa'adi ya wuce ta, sai ɗakin ajiya.

Malama Huseina, mai riƙe da aji huɗu, wadda ta gama nata NCE ɗin ba da daɗewa ba, ita ta ja ta gefe a bakin famfo.

"Mama, don Allah ranar nan kada ki buɗe kasuwa. Fom ne da su, layi goma, kowane layi maki goma. Akwai na shiga, akwai na lesin not, akwai na kiyaye lokaci, akwai na kayan koyarwa. Ba layin kwali. Ki bari in sa a kawo miki Hajiya."

"Wace Hajiyar?"

Hajiya dai ba mutum ba ce. Hotunan bango ne guda huɗu da wani mai zanen allunan shaguna ya yi wa wani malami shekaru da suka wuce, haruffa da hotuna kala-kala, tsaf-tsaf. Malamin ya ci gwajinsa, ya ara wa abokinsa, abokin ya ara wa wani, har ya zama duk mai koyarwar gwaji daga Fagge zuwa Gwagwarwa zuwa Kurna da su yake yi. Ana naɗe su a leda, ɗan acaɓa ya ɗauka daga wannan makaranta zuwa waccan, kullum gaba da mai dubawa da rabin awa. Saboda yawan tafiya, kuma ba ta taɓa taka ƙasa ba, malamai suka sa mata Hajiya. Akwai ma wanda ke riƙe da jerin sunaye don kada a yi karo.

Malama Nkechi ta yi tsaki, ta ce ita ba ta aron kaya ko na biki. Ta kwana biyu tana cewa haka. A na uku ta wuce ta gaban ɗakin ajiya, ta ji motsin ɓeraye, ta je ta samu Huseina ta ce a sa sunanta.

Aka shiga shiri. Kwalaye goma sha tara aka kwashe aka jibge a bayan aji, aka rufe da tabarma. Aka jera bencina layi-layi. Kwana uku tana horar da yara su zauna shiru, su naɗe hannu, in ta ce "E" su ce "fo aful." Ba ɗayansu da ya taɓa ganin tuffa, amma suka riƙe. Suna ta tambayarta yaushe za a buɗe kasuwa, tana cewa an tafi yajin aiki. Ta rubuta lesin not, wato tsarin darasi, shafi huɗu, Malam Halilu ya sa hannu da jan biro. 'Yarta Ogechi ta ara mata siket da kwat da takalmi mai tsini.

Ranar Laraba ce, an kwana ana ruwa. Ƙarfe tara saura Hajiya ta iso a jiƙe ta waje, a bushe ta ciki, aka rataye ta. Tara da kwata mai dubawa ya faka tsohuwar basfarsa ƙarƙashin darbejiya. Malam Abdulgani sunansa, siriri, mai furfura a gefen kai, da fayil a hammata. Ɗalibai sittin aka ba shi ya duba cikin mako uku, kuma fuskarsa ta nuna. Ya gaisa, ya wuce bayan aji, ya ɗaga kai ya dubi bango sau ɗaya, ya buɗe fayil.

Darasin ya tafi sumul. Ta tsaya ƙyam kan takalmin da ke cizonta, ta yi gabatarwa yadda littafi ya ce, ta nuna da sanda, yara suka amsa baki ɗaya. Ba wanda ya yi fitsari, ba wanda ya yi dariya. Ita kanta ta ji barci na neman ɗaukarta a tsaye. Amma idon da ya shekara ashirin da shida yana kama mai mintsinin ɗan'uwansa a layin ƙarshe bai rasa ganin abin da ke faruwa a bayan aji ba. Tun ba ta gama rubuta kwanan wata ba mutumin ya cike fom ɗinsa, ya rufe biro, ya zuba wa taga ido.

Minti talatin da biyar cif ta kammala. Ya miƙe, ya ce madalla, ya nufi ƙofa. Ta tare shi.

"Yallaɓai, na ga ka gama rubutu tun ban fara ba."

"Na gama, Malama. Kin ci. Hamsin."

"Hamsin na me?"

Ya dube ta, ya ga da gaske take. Sai ya taka zuwa bango, ya ɗora yatsa kan wani tabo ruwan ƙasa a gindin hoto na biyu.

"Kin ga wannan? Shayina ne. Shekara uku ke nan, a wata makaranta a Gwagwarwa aka kawo min shayi cikin aji, hannuna ya goce. Jiya ma mun haɗu da Hajiya a Kurna. Wani lokacin a hanya take wuce ni kan acaɓa, har ɗan acaɓan yana ɗaga min hannu. Duk wanda ya rataya min ita na san abin da zai faɗa, na san abin da yara za su amsa. Hamsin nake bayarwa. Ban zalunci kowa ba, ban fifita kowa ba."

Malam Halilu da Huseina suna laɓe a jikin taga. Huseina na yi mata alama da hannu biyu: ki karɓa, ki yi godiya, ki bar shi ya tafi. Da ta yi hakan da shi ke nan, magana ta ƙare, aji nata ne. Amma wani abu ya taso mata tun daga ƙafar da takalmi ke cizo har ƙwaƙwalwa. Shekara ashirin da shida, kuma makinta daidai da na yaron da ya fara shiga aji shekaranjiya, makin ma ba nata ba ne, na tabon shayi ne.

"Zauna," ta ce.

"Malama, ƙarfe goma sha ɗaya ina da wata makarantar a—"

"Zauna, na ce."

Da muryar aji ɗaya ta faɗa, muryar da alhazan Singa ke ji a mafarki. Malam Abdulgani ya samu kansa zaune kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ta yi wurgi da takalman Ogechi, ɗaya ya faɗa ƙarƙashin tebur, ta tuɓe kwat ɗin, ta tafa hannu.

"Yara, an janye yajin aiki. A buɗe kasuwa!"

Ihun da suka yi sai da wani mai atamfa ya leƙo ta katanga ya ga ko faɗa ake. Kafin ka ce me, an yaye tabarma, kwalaye sun shigo bisa kawuna, bencina sun koma gefe, masu shago sun baje. Ita ta zube a ƙasa da siket ɗin aro. Malam Abdulgani mutumin ƙa'ida ne, duk darasin da aka yi a gabansa sai ya ba shi maki, don haka ya zaro sabon fom.

Ta aiki biyar, suka sayo. Sannan ta juyo.

"Yallaɓai, kai ka aike su. Kada ka je ka ce shi ma shiri ne."

Ya dubi ajin. Ya nuna wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu, Mero, ya ce ta sayo masa jirgi. Ta tashi a guje. Shago na farko aka ce mata babu, na biyu ya ce sai ta yi masa magiya, ta ce Allah ya kiyaye, ta wuce na uku. Ta dawo ta jera haruffa biyar a gaban takalminsa, ta riƙe ƙugu tana jira. Ya duba, ya sake dubawa. Ya nuna wani ya ce ƙusa. Ya nuna wata ya ce tasha. Can sai ya miƙe ya ɗauki alli, ya riƙa rubuta kalmomi a allo yana kamo yara yadda hannunsa ya kai, wannan daga gaba, wancan daga lungu. Ya manta da agogo. Lokacin da aka buga ƙararrawar fita hutu na biyu, hannun rigarsa ya yi fari fat, wani mai shago kuma yana jan wandonsa wai ya taka masa kaya.

Awa ɗaya da kwata aka yi. Da yara suka fita, ya koma teburinta ya zauna, Malam Halilu da Huseina suka shigo suka tsaya. Ya riƙa bin fom ɗin layi-layi yana faɗa a fili, cikin muryar mai karanta sakamakon asibiti.

Lesin not ɗin da aka sa wa hannu na wancan darasin ne, wannan ba shi da ko ɗaya, don haka sifili. Kiyaye lokaci, an ninka har da ɗori, sifili. Shigar malami, ba takalmi, kuma a ƙasa aka zauna. Tsawatar da aji, ya ɗaga kai ya dubi katangar da mai atamfa ya leƙo, ya rubuta biyu. Kayan koyarwa, fom ya ce su zama masu tsafta masu ɗorewa, shi kuwa da idonsa ya ga kyankyaso ya fito daga kwalin sabulu. Murya ya ba ta goma, ya ce da akwai sama da haka da ya bayar. Ya haɗa, ya sake haɗawa.

"Talatin da huɗu."

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Halilu a hankali, "ai ka ga abin da muka gani. Ba a ɗan ƙara?"

"A ina zan ƙara, Malam? In rubuta ta kiyaye lokaci? In rubuta aji ya yi tsit? Akwai mai duba bayana, kuma ni ma ina duba kaina. Ƙarya ɗaya nake yi a aikin nan, ta hamsin, ita ce kowa ya amince da ita."

Ya ajiye fom biyun gefe da gefe a kan tebur.

"Ɗaya zan miƙa, Malama. Ki zaɓa."

Ta tsaya ba takalmi tana kallonsu. Na dama nata ne, duk abin da ta iya a duniya yana cikinsa, kuma shi ne hanyar ɗakin ajiya. Na hagu ba abin da ya haɗa ta da shi sai sunanta a sama. Ta taga tana jiyo yaranta suna gardamar wanda zai riƙe shago gobe. In ta bi zuciya, baɗi wani ne zai tsaya a gabansu da sanda yana nuna musu tuffa.

Ta miƙa yatsa ta taɓa na hagu. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta kasa ɗaga kai ta dubi Huseina.

Malam Abdulgani ya sa na hamsin a fayil. Ya juya ɗayan ya yi ɗan rubutu da jan biro a bayansa, ya danne shi da gwangwanin alli, ya yi sallama. Ɗan acaɓa ya daɗe da zuwa yana jiran Hajiya, aka sauke ta aka naɗe, ta riga basfar fita.

Sai da aka tashi, aji ya zama ba kowa, ta ɗauki takardar za ta duƙunƙune, ta ga jan rubutun.

"Na kamo yara ashirin yadda hannuna ya kai, na gwada su da kalmomin da ni na zaɓa. Sha bakwai sun karanta. Na duba fom ɗin nan gaba da baya, ban ga inda ake rubuta wannan ba."

Ta zauna kan bencin yara ta karanta sau uku. Sannan ta nemo takalman Ogechi, ta riƙe su a hannu, ta tafi gida da silifas ɗin mai gadi.

Takardar NCE ta fito bayan shekara ɗaya da rabi. Boniface ya yi mata firam da katakon maɗaci, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Ita ko kallon wajen ba ta yi. Ta riƙe aji ɗaya har ta cika shekarunta na aiki, alhazan Singa suka ci gaba da zazzage kwali. Hajiya kuma an ce ta yi shekaru tana zagayenta kafin ruwan wata damina ya gama da ita a hanyar Kurna.

Wancan fom ɗin kuwa, ta dama sitaci ta manna shi a jikin kwalin sukari, ta buga shi da ƙusa gefen allo, talatin da huɗun na kallon duk mai shigowa. Sababbin malamai kan tsaya su karanta, su rage murya su ce, "Mama, wannan na wane ne?"

"Nawa ne," take cewa. "Ɗauko min kwalin can."

Jan rubutun yana ta baya, sitaci ya haɗe shi da kwali. Ba wanda ya ƙara karanta shi, ita kuma ta riga ta haddace.